Norman Gregg: Likitan Idon Da Ya Gano Cutar Da Ke Bi Ta Jikin Uwa Ta Taɓa Ɗan Ciki

Yau za mu yi nisan zango, don kuwa mutumin da muka ɗauko Bature ne ɗan ƙasar Ostireliya, wanda bai taɓa taka ƙasar Damargu ba, bai san Tarka ba balle kasuwar Belbeji ko ta Tanut. Amma abin da ya gano a shekarar 1941 ya shafi kowace mace da ke zaune a rumfa tana awon hatsi ko sayar da kayan miya da ƙaramin ciki a jikinta, ya kuma shafi mijinta da ke can wajen kara yana cinikin bisashe. Sunansa Dokta Norman Gregg, likitan ido.

Kafin mu shiga tarihinsa bari mu faɗi dalilin da ya sa muka zaɓe shi. Babu wanda ya daɗe yana cin kasuwa a ƙasar nan da bai taɓa ganin jariri a bayan uwarsa da wani fari a tsakiyar idonsa ba, ko yaron da ya shekara uku bai ce inna ba, a kira shi ta baya bai waiwayo ba. Mun kuma san abin da akan ce. Wasu su ce iska ce ta shafe shi tun yana ciki don uwar ta fita da tsakar rana ko da almuru, wasu su ce aikin kishiya ne, dangin miji kuwa su ce ai a gidan su matar aka gado abin. Mun ga auren da ya mutu a kan wannan magana, mun ga maƙwabtan da suka daina gaisawa. To, wani kaso na irin waɗannan yara, ba dukansu ba, abin da ya same su shi ne abin da wannan likita ya gano.

An haifi Norman McAlister Gregg ranar 7 ga Maris 1892 a unguwar Burwood ta birnin Sidni. Mahaifinsa James Gregg mai gwanjon kaya ne, wato dai ɗan kasuwa ne kamar da yawa daga cikin masu karanta wannan shafi, kuma Norman shi ne ƙaramin cikin ƴaƴansa maza. Ya yi karatu a Sidni har ya shiga jami'ar birnin, inda ya fito da digirin likita a 1915 da sakamako mai daraja ta ɗaya. A lokacin samartakarsa an fi saninsa a filin wasa fiye da ɗakin karatu. Ya wakilci jiharsa a wasan kurket da na tanis, ga ninƙaya, har ana ganin da yaƙi bai ɓarke ba da ya wakilci ƙasarsa baki ɗaya a tanis.

Yaƙin Duniya na Farko ne ya katse wasan. Yana gama jami'a ya tafi Ingila ya shiga sashen likitoci na sojan Birtaniya, aka tura shi fagen daga a Faransa. Wato a shekarun da Kawusan ya yi wa Agadas ƙawanya, ƙarshen 1916 zuwa farkon 1917, shi yana can cikin ramuka da taɓo yana ɗaure wa samari rauni. A 1918 aka ba shi lambar jarumta saboda yadda ya riƙa fita neman waɗanda aka harba yana kula da su ana ruwan wuta.

Bayan yaƙi ya koma gida ya ɗan yi aiki a asibiti, sannan ya sake komawa Ingila don ya ƙware a aikin ido. Ya yi horo a asibitocin ido na Landan da Bamingam, ya sami takardarsa a 1922. A 1923 ya dawo Sidni ya buɗe wurin duba marasa lafiya, a wannan shekarar ya yi aure, Allah Ya ba su ƴaƴa mata biyu. Daga 1925 ya zama likitan ido na babban asibitin yara na birnin, mai suna Royal Alexandra. Waɗanda suka yi zamani da shi sun shaide shi da abu biyu. Na farko, ba ya haƙuri da aikin ganganci, kuma ba ya ɓoye fushinsa in ya gan shi. Na biyu, yana son yara da iyayensu, yana da gwangwanin biskit da yake ajiyewa don ƙananan majinyatansa, kuma yakan zauna ya ji labarin iyali tun daga tushe. Wannan hali na biyu shi ne ya kawo mu ga labarin yau.

A 1940 Yaƙin Duniya na Biyu ya kankama, aka tara samari dubbai a barikokin horo a Ostireliya. Inda aka cunkushe mutane kuwa cuta ba ta rasa hanya. Wata cuta da ake kira rubela ta bazu a barikoki, sojoji suka kai ta gidajensu lokacin hutu, ta game gari. Babu wanda ya tayar da hankali, domin a wancan zamani ana ɗaukarta cuta ce mafi sauƙi.

Mece ce rubela? Masu faransanci kan ce rubeyol, wasu kuma ƙyandar Jamus, saboda likitocin Jamus ne suka fara bayaninta tun ƙarni na 18. Kada sunan ya ruɗe ku, ita daban, ƙyanda ko baƙon dauron da muka sani daban. Baƙon dauro yakan kwantar da yaro da zazzaɓi mai zafi da tari da jan ido, yakan kuma yi kisa. Rubela kuwa ɗan zazzaɓi ne mara ƙarfi, da ƙananan ƙuraje ja da ke farawa a fuska da wuya su sauka jiki, su ɓace cikin kwana uku, sai kaluluwa a bayan kunne da ƙeya. Manyan mata sukan ƙara da ciwon gaɓoɓi. A fatar baƙin mutum ƙurajen ba su cika fitowa sosai ba, sai a ɗauka ƙurajen zafi ne. Kusan rabin waɗanda suka kamu ma ba sa jin komai. Tana bin tari da atishawa, kuma mai ɗauke da ita yana yaɗa ta tun kimanin mako guda kafin ƙurajen su fito. Mace za ta iya ɗaukarta a motar kasuwa ko wurin biki, ta sha ƙwayar ciwon kai ta ci gaba da cinikinta, bayan mako ta manta.

A farkon 1941 sai Dokta Gregg ya lura ana kawo masa jarirai masu yanar ido fiye da yadda ya saba gani. Yanar ido dai mun san ta a idon tsofaffi. A jariri abu ne da likita kan gani jefi-jefi, kuma akan ce gado ne. Waɗannan kuwa sun zo a jere, kuma yanar tasu ba irin wadda ya sani ba ce: fara ce fat a tsakiyar ido, mafi yawa a ido biyu. Jariran ƙanana ne, ba su da ƙiba, ba sa kama nono da kyau, wasu idon kansa bai kai girman da ya kamata ba, kuma da aka saurari ƙirjinsu sai aka ji da yawa zuciyarsu ba daidai take ba. Ya duba watannin haihuwarsu ya ga kusan lokaci guda ne, kuma daga unguwanni da garuruwa daban-daban, iyayen ba dangin juna ba. Gado ba ya faɗo wa gidaje da yawa cikin shekara guda. Sai ya tabbata akwai wani abu da ya sami iyayen mata tare lokacin da suke da ciki.

Wata rana mata biyu suna zaune a ɗakin jira, kowace da jaririnta mai yanar ido, suna hira irin ta mata masu damuwa ɗaya. Ɗaya ta ambaci cewa ta yi rubela a farkon cikin, ɗayar ta ce ita ma haka. Maganar ta faɗa kunnen likita. Mu da aikinmu magana ce a rediyo mun san sauraro ya fi magana wuya, musamman ga mai ilimi in talaka ne ke magana. Wani likitan zai ce hirar mata ce ya wuce. Shi kuwa ya koma ya tambayi iyayen sauran jariran ɗaya bayan ɗaya, ya kuma rubuta wa ƴan'uwansa likitocin ido a sauran jihohin ƙasar cewa su ma su tambaya.

Ga abin da ya tara. Jarirai 78 masu yanar ido, 13 daga cikinsu nasa ne, sauran na abokan aikinsa. A cikin 78 ɗin, iyaye mata 68 sun tabbatar sun yi rubela da cikin, mafi yawansu a wata na farko ko na biyu, wasu ma tun ba su san sun samu ba. Fiye da rabin jariran suna da ciwon zuciya, 15 sun riga sun mutu. A watan Oktoba na 1941 ya gabatar da wannan a taron ƙungiyar likitocin ido ta Ostireliya, aka kuma buga shi a mujallar ƙungiyar.

Sai an san abin da likitocin wancan lokaci suka yi imani da shi za a gane nauyin maganar. A wurinsu mabiyiya, wadda wasu ke kira uwar tafiya, katanga ce da ke tsare ɗan ciki daga cututtukan uwa, in ban da kaɗan irin su tunjere. Duk wata nakasa da aka haifi yaro da ita, gado ce daga uwa ko uba. Ga likitan ido daga ƙarshen duniya ya zo yana cewa cutar kwana uku, wadda ko kwanciya ba ta sa mutum, ita ke makantar da jariri ta huda masa zuciya.

Jaridun Sidni sun ɗauki labarin, kuma a nan ma mata ne suka ƙara masa ilimi. Wasu iyaye biyu da suka karanta suka buga masa waya suka shaida masa su ma sun yi cutar da ciki, idon ƴaƴansu lafiya lau, amma ba sa ji. A 1943 wani likita mai suna Charles Swan da abokan aikinsa a birnin Adeled suka bi sawun maganar, suka tabbatar da kurumta, suka kuma ga yara masu ƙaramin kai da masu jinkirin hankali. Daga baya aka gane kurumta ita ce ma ta fi yawa a cikin illolin.

A Ostireliya an yarda da shi da wuri, amma a Turai an ja. A 1944 babbar mujallar likitoci ta Ingila mai suna Lancet ta rubuta cewa bai kawo hujja isasshiya ba. A gaskiya masu ja suna da abin faɗa: ya dogara ne da abin da mata suka tuna bayan watanni, kuma a lokacin babu gwajin jinin da zai nuna mace ta yi cutar, ƙwayar cutar kanta ba a taɓa kama ta ba. Sai dai a ganinmu har da raini, na ƙasar da maganar ta fito da na bakin da aka ji ta. Wanda ya kashe gardamar masanin lissafi ne na jami'ar Sidni, Oliver Lancaster. A 1951 ya bi takardun ƙidayar jama'a da rajistar makarantun kurame na shekaru masu yawa, ya nuna cewa haihuwar kurame a ƙasar tana zuwa ne tari-tari, kamar a 1899 da kuma wajen 1940, kuma kowane tari yana bin bayan annobar rubela. A 1953 Sarauniyar Ingila ta ba Gregg sarautar Sir.

To, yaya cuta mai sauƙi haka take wannan ɓarna? Gregg ya gane cewa sirrin yana ga lokaci, amma cikakken bayani sai bayansa aka samu, har yau ma ana kan bincike.

Ɗan Adam yana farawa ne da ƙwayar halitta guda ɗaya, wadda ido ba ya gani. Ta rabu biyu, biyu su zama huɗu, haka har su kai biliyoyi. A cikin kowace ƙwaya akwai kundin gado da aka haɗo daga uwa da uba, mai ɗauke da umarni kimanin 20,000. Abin mamaki, kundin da ke cikin ƙwayar ido shi ne dai ke cikin ta zuciya da ta ƙwaƙwalwa. Bambancin shi ne wane shafi aka buɗe, wane aka rufe, kuma yaushe. Ƙwayar da za ta zama ido tana buɗe shafukan ido a makon da aka ƙaddara, ta bar sauran a rufe. Akwai wasu ƙananan alamomi da jiki ke liƙawa a kan kundin, su ke nuna a karanta nan, a tsallake can. Wannan buɗewa da rufewa a kan lokaci shi masana ke kira sarrafa ƙwayoyin gado, kuma da shi ake gina jariri gaɓa bayan gaɓa.

Ginin yana da sauri fiye da yadda muke zato. Kafin ciki ya cika wata guda da shiga, bututun da zai zama ƙwaƙwalwa da lakar baya ya riga ya rufe, zuciya ta fara bugawa. A wata na biyu ake ƙera madubin ido da ɗakunan zuciya. Kunnen ciki yana ɗaukar lokaci har wajen wata na huɗu. Manoman Damargu sun san wannan a gona: in ruwa ya ɗauke lokacin da hatsi ke fid da kai, ko an yi kamar da bakin ƙwarya bayan nan zangarniyar ba za ta cika ba. Haka gaɓar jariri, in makonta ya wuce a cikin matsala ba a komawa baya.

Rubela ƙwayar cuta ce irin wadda ake kira bairos, ba ta iya hayayyafa sai ta shiga cikin ƙwayar halittar mutum ta juya aikinta ya koma buga irinta. Tana bin jinin uwa ta kama mabiyiya, ta ratsa ta shiga ɗan tayi, wanda a lokacin bai da garkuwar da zai kore ta. Ƙwayoyin da ta shiga sukan rage saurin rabuwa, wasu su mutu, umarnin da ya kamata a karanta a wannan mako ya rikice. Tana kuma lalata bangon ƙananan jijiyoyin jini, sai wasu sassan ƙwaƙwalwa su rasa isasshen jini. Likitocin da suka binciki gawar irin waɗannan jarirai a shekarun 1960 sun tarar ƙwayoyin halittar da ke gaɓoɓinsu ba su kai adadin na sauran jarirai ba. Shi ya sa ake haifarsu ƙanana, wasu da ƙaramin kai. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce in mace ta kamu a farkon ciki, tara cikin goma cutar tana kaiwa ga ɗan, kuma ƙarshenta ɓari ne, ko haihuwar gawa, ko nakasa. Bayan mako 20 kuwa da wuya ta yi illa. Jaririn da aka haifa da ita yakan shekara guda ko fiye yana fitar da ƙwayar a majina da fitsari, don haka zai iya sa wa wata mai cikin.

Batun ƙwaƙwalwa bai tsaya a girman kai ba. A 1971 wata likitar ƙwaƙwalwar yara a Niyok, Stella Chess, ta binciki yara 243 da aka haifa da rubela. Ta tarar da yawa suna da jinkirin fahimta, ta kuma ga cutar nan ta galahanga da ake kira otizim, wadda yaro ba ya haɗa ido da mutane, ba ya shiga wasa, ta fi yawa a cikinsu ƙwarai fiye da sauran yara. A zamanin da wasu masana ke ɗora laifin otizim a kan rashin kulawar uwa, wannan bincike ya taimaka wajen sauke wa iyaye mata wani nauyi.

Daga shekarun 2000 masana suka ƙara gano wata hanya. A gwaje-gwajen da aka yi da ɓeraye masu ciki, an ga cewa ko ƙwayar cutar ba ta kai ga ɗan tayi ba, sinadaran da jikin uwa ke fitarwa don yaƙi da ita suna iya taɓa mabiyiya, su sauya waɗancan alamomi na buɗe shafi da rufe shi a ƙwaƙwalwar ɗan, har a ga bambanci a halayyarsa bayan ya girma. Muna jaddada cewa wannan a dabba aka fi tabbatar da shi, kuma mafi yawan matan da suka yi mura ko zazzaɓi da ciki lafiyayyun ƴaƴa suke haifa. Kada wata ta karanta wannan ta hana kanta barci.

Mu koma ga mai tarihin. Ya ci gaba da aikinsa na ido, ya koyar a jami'ar Sidni, daga baya ya shugabanci hukumar gudanar da asibitin yaran da ya daɗe yana yi wa aiki. Ya ga shekarar 1962, lokacin da ƙungiyoyin masana biyu a Amurka suka kama ƙwayar rubela a ɗakin gwaji. Ya kuma ga abin da ya yi gargaɗi a kansa ya faru a idon duniya: a 1964 da 1965 annobar rubela ta kama mutum miliyan 12 da rabi a Amurka, ciki kimanin 11,000 ya zube, jarirai 2,100 suka mutu bayan haihuwa, aka haifi wajen 20,000 da nakasa, fiye da rabinsu kurame. Wannan a ƙasa mai yawan asibitoci ke nan. Dokta Gregg ya mutu a gidansa a Sidni ranar 27 ga Yuli 1966 yana da shekara 74. Allurar rigakafin rubela ta fito a 1969, shekara uku bayan mutuwarsa, a 1971 kuma aka haɗa ta da ta baƙon dauro da ta hangum a allura guda. Nahiyar Amurka ta rabu da cutar a 2015, ƙasarsa Ostireliya kuma a 2018.

Ƙofar da ya buɗe ba ta rubela kaɗai ba ce. Tun daga lokacinsa likitoci suka fara tambayar abin da uwa ta sha ko ta kamu da shi a duk lokacin da aka haifi yaro da nakasa. A 2015 da aka fara haifar jarirai masu ƙaramin kai da yawa a arewa maso gabashin Burazil, ba a ɗauki shekara goma ana gardama ba. Cikin watanni aka danganta abin da ƙwayar Zika da sauro ke yaɗawa, wadda tun 1947 aka gano ta a wani daji na Yuganda, kuma a 2016 aka nuna tana kama ainihin ƙwayoyin da ke haifar da ƙwaƙwalwar ɗan tayi. Akwai kuma wata mai suna CMV, da ke bin miyau da fitsarin ƙananan yara, ita ma tana cikin manyan masu jawo kurumta tun daga ciki.

Mu nan fa? A ƙarshen 2022 ƙasashe 175 cikin 194 sun sa rubela a jerin alluran yaransu. Sauran 19 ɗin, Nijar da Najeriya da Chadi suna ciki, alhali Ghana da Senegal sun fara tun 2013. A watan Oktoba na 2025 Najeriya ta fara gangamin allurar baƙon dauro haɗe da rubela ga yara daga wata 9 zuwa shekara 14, har da jihohin Kano da Katsina inda ƴan kasuwarmu ke saro kaya. Duk uwar da ta kai ɗanta allurar baƙon dauro tana da haƙƙin ta tambayi ma'aikacin lafiya ko wadda za a yi masa haɗe take da ta rubela. Allura guda tana kare fiye da mutum 95 cikin 100, kuma kariyar tana daɗewa. Yaran ake yi wa, maza da mata, domin su ne ke kawo cutar gida su sa wa iyayensu da yayyensu. Ba a yi wa mai ciki, wadda aka yi wa kuma ana so ta dakata wata guda kafin ta ɗauki ciki.

Akwai wata al'ada tamu da ta ci karo da wannan ilimi, kuma dole mu faɗa. Muna ɓoye ƙaramin ciki. Mai cikin fari tana jin kunya, wata tana tsoron baki, wata kuma tana ganin ranar kasuwa ta fi ƙarfin zuwa awo, sai ciki ya kai wata biyar ko shida ake zuwa asibiti. Watannin da ake ɓoyewa kuwa su ne waɗanda ake ƙera ido da kunne da zuciya. Ba mu ce a yi shela ba, amma ungozomar asibiti ba ƴar gulma ba ce. Mai ƙaramin ciki ta nisanci yaro mai zazzaɓi da ƙuraje ko da ɗan maƙwabta ne, in kuma ita ce ta ga ƙuraje da kaluluwa ko ta ji zazzaɓi, ta je a duba ta, don zazzaɓin cizon sauro ma babban maƙiyin ciki ne. Kafso da ake saya a tire a bakin kasuwa ba ya kashe bairos, wani ma yana iya cutar da ɗan.

Jaririn da aka ga fari a tsakiyar idonsa kuwa kada a jira ya girma, kada a ɗiga masa komai. Yanar jariri aikin tiyata ce, kuma a watannin farko take da amfani, saboda ƙwaƙwalwa tana koyon gani ne tun ana cikin zanen goyo. A fara da asibiti mafi kusa a nemi takardar zuwa babban asibitin Damagaram. Wanda ba ya ji shi ma da wuri ake fara koya masa maganar hannu.

Likitocin Sidni ba su saki yaran waccan annoba ba. A 1967 suka nemo 50 daga cikinsu, lokacin suna wajen shekara 25. Kusan dukansu kurame ne, wasu ga matsalar ido ko ta zuciya a kai, amma mafi yawansu suna da sana'ar da suke ci da kansu, wasu sun yi aure sun haifi ƴaƴa masu ji da gani. An sake duba su suna da shekara 60, aka buga sakamakon a 2002: 10 sun mutu, kuma ciwon sukari ya fi yawa a cikin waɗanda suka rage fiye da sauran tsararrakinsu.